Motar da Ta Sha Iska

A bakin Bahaushe shan iska hutu ne. Mutum ya gama aikin yini, la'asar ta yi sanyi, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko ya taka zuwa bakin titi, in ka tambaye shi sai ya ce iska yake sha. Amma ka je Mararrabar Jos ko Tafa, inda manyan motoci ke kwana a jere a gefen hanya, ka ji direban tirela ya ce motarsa ta sha iska. Wannan babu hutu a cikinsa. Abin da yake nufi shi ne injin ya mutu, an yi ta ba shi wuta ya ƙi tashi, ga kayan mutane a bisa. In shanu ne aka ɗauko daga Potiskum, ko tumatir daga Kadawa, kowace sa'a da ta wuce asara ce da wani zai biya.

Maganar ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin in ka duba da kyau a kan titi babu abin hawan da ya dogara da iska kamar babbar mota. A kan iska take tafiya, tunda ita ce cike da tayoyin. Da iska take tsayawa, don birkin tirela na iska ne. Shi ya sa da asuba za ka ga direba ya tayar da mota ya zauna yana kallon agogo, yana jiran iska ta taru a tankunanta, in ba ta taru ba birkin ba zai saki ba. Ƙahon nan da ke firgita masu babur ma iska ce ke busa shi. Shi kansa injin, abin da yake haɗiya na iska ya fi na mai nesa ba kusa ba. Kafin lita guda ta gas ta ƙone sarai sai ta samu iskar da ta kai wajen lita 10,000, kuma injin dizal ya saba zuƙar fiye da hakan. Duk da haka iskar da ba ta cika kofin shayi ba, in ta samu kanta a bututun mai, ta isa ta kwantar da motar da ke ɗauke da siminti buhu 600.

Dalilin yana cikin yadda injin ke kama wuta. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sannan fulogi ya ƙyasta musu. Injin gas ba shi da mai ƙyasta masa. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 17 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Ke nan dole a tura man da ƙarfin da ya fi na iskar da ke cikin silinda, a kuma farfasa shi ya zama feshi mai laushi ƙwarai. A tsofaffin injina, irin na Mercedes 911 da ta yi zamani a hanyoyinmu, bakin nozul a toshe yake da wata allura da sifirin ke dannewa, kuma ba ta ɗagawa sai matsin man ya kai wajen bar 200. Abin da ke cikin tayar tirela bai wuce bar 8 ko kusa da haka ba. Man da ake turawa a kowane bugu kuwa ɗigo ne ko biyu.

Wanda ya taɓa wasa da sirinji yana yaro ya san sauran bayanin. Cika shi da ruwa, ka toshe bakin da yatsa, ka danna. Ba zai motsa ba, duk ƙarfin da ka sa zai isa yatsanka nan take. Cika shi da iska ka danna, zai shige, in ka saki ya dawo. Ruwa ba ya matsuwa, haka ma mai, sai ɗan abin da ba a lura da shi. Iska kuwa karɓar matsi take ta ƙanƙance. To idan ƙwayar iska ta zauna a bututun da ke tsakanin nozul da famfon nan da makanikai ke kira injekta, injekta zai turo ɗigonsa, iskar ta tsuke ta ba shi wuri, da ya janye ta sake buɗewa. Matsin ba zai taɓa kai inda allura za ta ɗaga ba. Allura ba ta ɗaga ba, mai bai fita ba, ita ma iskar ba ta samu ƙofar fita ba. Sai a kwana ana juya injin, abu ɗaya na faruwa a ciki.

Tun kafin mota ta zo ƙasar Hausa, harshen ya riga ya ajiye wa iska wannan hali. Zancen iska shi ne wanda ya cika kunne bai bar komai ba. Kuɗin da suka bi iska an kashe su ba a ga abin da suka yi ba. Ɗan iska, in ka cire zagin da ke cikin kalmar, shi ne mutumin da ba a jingina da shi, za ka yi masa magana ya amsa, ka ɗora masa nauyi ya karɓa, amma babu abin da zai wuce ta hannunsa ya isa inda aka nufa. Abin da ke faruwa a bututun mai ke nan ba ragi ba ƙari: wani abu ya tare wuri, yana karɓar ƙarfi, ba ya miƙa shi gaba. Akwai kuma ɗaya iskar, wadda ake cewa ta shiga mutum, ba a ganinta sai dai a ga aikinta. Na tabbata direban da ya duba tanki ya ga mai, ya duba batir ya ga wuta, ya leƙa ƙasan mota bai ga ɗigo ba, amma mota ta ƙi tashi, wannan ma'anar takan gifta masa. Bambancin shi ne ta gareji ana iya fito da ita fili kowa ya gan ta da idonsa.

A farkon tarihin injin ma iska ce ke kai mai cikin silinda. Injin da Rudolf Diesel ya kammala a birnin Augsburg na Jamus a 1897, da waɗanda suka biyo bayansa shekaru da dama, da matsattsiyar iska suke hura man ciki, domin a lokacin ba a iya ƙera famfon da zai tura mai shi kaɗai da irin wannan ƙarfi ba. Injin matse iskar yana da nauyi, yana kuma cinye wani kaso na ƙarfin da aka samar, don haka dizal ya zauna a masana'antu da jiragen ruwa. Diesel ya rasu a 1913 bai ga injinsa ya zama na manyan motocin hanya ba. Sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da manyan motoci masu injin dizal, sannan a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon injekta da yawa don sayarwa. Daga nan aka raba hanya: iska ta bi tata ƙofar, mai ya bi tasa, ba sa haɗuwa sai a cikin silinda, a ƙiftawar ido ta ƙarshe. Duk wata gingimari mai injin gas da ta taɓa hawa titin Kano zuwa Legas, har da waɗanda aka harhaɗa a gida, Steyr a Bauchi da Fiat a Kano da Mercedes a Inugu, a kan wannan rabuwa aka gina su.

Aikin cire iskar ba shi da wuya, amma yana da tsari, kuma tsarin shi ne bin man daga tushensa. Mai na tashi daga tanki, ya bi tiyo zuwa ƙaramin famfon da ke jawo shi, ya ratsa filta, ya shiga injekta, daga nan ya rarrabu cikin siraran bututan ƙarfe, kowanne zuwa nozul ɗinsa. Abin da ya yi saura ya koma tanki ta wata hanyar. Wanda ya fara da bututan nozul alhali filta cike take da iska, batir kawai zai kashe. Da tanki ake farawa, kuma ba a yarda da agogo, sanda ake zurawa a gani. Sai a nemo ɗan notin da ke saman gidan filta a sassauta shi. A jikin famfon jawo mai akwai wani ɗan kai da ake murɗewa a ɗago, a riƙa dannawa da hannu. Wannan aikin yaron mota ne, ko ƙaramin yaron gareji.

"Buga, yaro."

"Ina bugawa, Oga."

"Ya yi tauri?"

"Tukuna. Sako-sako nake ji."

"Ci gaba. Kar ka tsaya sai na ce."

Da farko huci ne kawai ke fita ta bakin notin. Sai ya fara tofi, sai kumfa fara sol ta biyo. Ana ci gaba da bugawa kumfar na raguwa, ƙwayoyinta na ƙanƙancewa, har man ya fito garau babu ƙwaya ko ɗaya. A hannun yaron ma labarin ya canza, famfon da ke shigewa ba gardama yanzu yana tura tafin hannunsa baya. Ba a jira ya saki kafin a ɗaure notin. Yana kan dannawa, man na kan zuba, ake ɗaurewa, don kada wadda aka kora ta samu hanyar komawa. In injektan na da nasa notin, sai a maimaita a can. Sau da yawa daga nan mota za ta tashi. In ta ƙi, iskar ta wuce cikin bututan ƙarfe ke nan, sai a sassauta noti biyu ko uku a bakin nozul, direba ya ba ta wuta. Ba a barin kik ya yi ta juyi, daƙiƙa 15 ko 20 sai a bar shi ya huce, in ba haka ba ya ƙone a ƙara wata matsalar a kan ta farko. Da man ya fara tsartuwa bugu-bugu sai a ɗaure. Injin ya yi tari, ya kama da silinda biyu ko uku, duk motar na karkarwa, farin hayaƙi na fita ta salansa, sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya har sautin ya daidaita.

Ina son kallon wannan aiki, kuma abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne babu na'urar awo ko ɗaya. Idon oga na kan kumfa, tafin hannun yaro na kan famfo, kunnen direba na kan injin, kuma kalmomi biyar ko shida sun ishe su fahimtar juna. Yaron da bai taɓa jin sunan bar ba ya san matsi ta hannunsa, ya kuma samo masa kalmomin da suka dace, tauri da sako-sako.

Sai dai a nan ne nake da ƙorafi, kuma a kan kalma ne. Wasu kan ce iska ta shiga mota, wasu su ce motar ta ja iska ko ta sha. A ganina maganar ta biyun ta fi gaskiya, kuma da za a saurare ta da kyau da ta nuna inda za a duba. Iska ba ta kutsawa cikin bututun mai da ƙarfinta, jawo ta ake yi. Daga famfon jawo mai zuwa gaba man a matse yake, in akwai kafa waje zai fito, a ga wurin ya jiƙe ƙura ta manne. Amma daga tanki zuwa famfon tsotso ake yi. Kafar da ke wannan ɓangare ciki take yoyo. Ba ta zubar da komai, wurin a bushe yake ƙayau, makaniki zai shafa ya wuce. Tiyon da zafi da shekaru suka tsattsage, washar tagulla da aka kwance aka mayar sau da yawa har ta daina kamawa, robar filta da ba ta zauna daidai ba ko tsohuwar da ta manne aka ɗora sabuwa a kanta, bututun cikin tanki da girgizar hanya ta tsaga, har shi kansa famfon hannun in robarsa ta ci, duk ƙofofi ne. In kuma datti ya toshe rariyar cikin tanki, ko ƙurar hunturu ta like kafar numfashin murfinsa, famfon zai ƙara ƙarfin tsotso, kafar da da ba ta isa komai ba ta fara ba da iska.

Irin wannan mota tana da alamu. Da safe takan yi wuyar tashi, saboda cikin dare man ya sulale ya koma tanki iska ta maye gurbinsa. Takan tashi ta yi ɗan lokaci ta mutu. Takan yi ƙarfi a shimfiɗaɗɗiyar hanya ta sare a hawa. Gano kafar ba ya buƙatar kuɗi. A sa guntun tiyo garai-garai, wanda ake ganin cikinsa, a gaban famfon, in ƙwayoyi na wucewa to kafar na baya, a yi ta matsar da shi har a ritsa ta. Ko a zura tiyo cikin jarkar mai mai tsabta a shayar da injin kai tsaye, in ya daidaita an san laifin na tsakanin tanki da nan. Amma da yake sunan aikin shi ne cire iska, da zarar an cire mota ta tashi sai kowa ya ga an gama. A biya makaniki, a kama hanya. Wanda aka cire masa a Zariya zai sake tsayawa a Kaduna, ya sake a Tafa, kowane zango ana cire masa abin da motarsa ke ci gaba da sha. Tambayar da ya kamata ta biyo bayan tashin injin ita ce ta ina ta sha, kuma ba kasafai ake yin ta ba, domin direba na sauri, makanikin bakin hanya kuma ya san ba lallai ya sake ganinsa ba.

Ba kullum ne laifin na tiyo ba. A shekarar 2022 farashin litar gas a Najeriya ya tashi daga wajen naira 300 zuwa sama da 800, daga baya ma ya wuce nan. Mai mota ya koma ƙidaya wa direba mai lita-lita, direba ya koma tafiya da ƙasan tanki, yana fatan ya kai inda ya fi araha. A miƙaƙƙiyar hanya ɗan abin da ya rage zai iya kai shi. A wuri irin Hawan Kibo kuwa man zai gangara gefe guda, bakin bututu ya fito fili ya zuƙi iska. Mutuwar injin a irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Sitiyari zai yi nauyi tunda famfonsa ya tsaya, injin tara iskar birki shi ma ya tsaya, duk takawar da direba ya yi yana cin abin da ke tanki ne ba a mayar masa. Iskar da ba a so ta shiga, wadda rayuka suka rataya a kanta ta fara ƙarewa. Ga kuma man jarka na gefen hanya, wani an sirka shi da kananzir, wani da ruwa da laka a ƙasansa. Shi ke toshe filta kafin lokacinta, a kwance ta a bakin titi, kuma duk filtar da aka kwance sai an cire iska bayanta.

Gaggawa ta haifi dabaru, wasunsu suna da ban tsoro. Akwai mai sa baki a tiyo ya tsotso man. Gas in ya sarƙe mutum ya sauka huhu yana haddasa ciwon huhu mai tsanani, kuma yara ne aka fi sa wa wannan aiki. Akwai mai jiƙa tsumma da fetur ya kara a bakin shan iskar injin don ya kama da ƙarfin tsiya, abin da kan fasa zoben fistin ko ya tayar da gobara. Akwai mai toshe bakin tanki da tsumma ya hura masa iska don ta tura man gaba, wato ya kori iska da iska. Wannan yana aiki in an yi shi a hankali ƙwarai, in aka zarce tankin ya kumbura ko ya fashe a ɗinki.

Abin da ya fi damuna shi ne injinan sun canza, kalmar ba ta canza ba. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya sa wani sabon tsari a manyan motocin Hino, a 1997 Bosch ya kawo irinsa cikin ƙananan motoci. A wannan tsari famfo na tara mai a bututu guda na tarayya, a matse kullum, kwamfuta ce ke buɗe kowane nozul a lokacinsa. Matsin da ke ciki yakan kai bar 1,600 zuwa 2,000, wani ma ya wuce. Da yawa daga sababbin motocin da ke shigowa daga Turai da Sin irinsu ne. A cikinsu ana cire iska ne ta ɓangaren filta kawai, da famfon hannu, ko a murɗa makulli a bar famfon lantarki ya yi aikinsa in motar na da shi, sauran iskar ta bi hanyar komawa tanki da kanta. Ba a taɓa bututan ƙarfe injin na juyawa. Amma yaron da ya koyi aiki a kan tsohuwar roka, in oga ya ce masa je ka cire mata iska, sifanar da ya saba zai ɗauka, notin da ya saba zai nufa. Magana ɗaya ce ya ji, alhali ayyuka biyu ne mabambanta a ƙarƙashinta.

Man da ya fito ta siririyar kafa da irin wannan ƙarfi huda fata yake ya shige cikin nama. Ko a tsohon injin ma yana iya yi, shi ya sa ba a neman yoyo da yatsa, kwali ake karawa a ga inda ya jiƙe. Ramin da yake bari bai fi tsinin allura ba, kuma da farko ba ya wani zafi, don haka sai a ɗaure da tsumma a ci gaba da aiki. A ciki kuwa man na bin jijiyoyi yana kashe nama, bayan wasu sa'o'i yatsa ya kumbura ya canza launi, kuma jinkiri kan kai ga yanke shi, wani lokaci har da hannun. Maganinsa tiyata ce cikin gaggawa, a buɗe a wanke. A nan ma abin da aka faɗa yana da tasiri. Wanda ya je asibiti ya ce ya ji ciwo a gareji, likita zai ga ɗan tabo ya wanke ya sallame shi. Abin da ya kamata ya ce shi ne gas mai matsi ne daga bututun injin ya huda masa fata ya shiga ciki, ya faɗi ƙarfe nawa abin ya faru, kuma ya tafi a ranar, ko da hannun bai fara kumbura ba.